Fleuve, rivière ko ruisseau? Jagorar kiran kowane kogi da sunansa a Faransanci

Bahaushe yana cewa kogin Kwara, kogin Binuwai, kogin Kaduna, duk da kalma ɗaya, kuma magana ta zauna daidai. A Faransanci waɗannan ukun ba sunansu ɗaya ba: na farko *fleuve* ne, sauran biyun *rivière*. Yawancin masu koyo suna ɗauka cewa girma ne ke raba su, wato babba *fleuve*, matsakaici *rivière*, ƙarami *ruisseau*. Wannan zaton yana fitar da mutum a hirar bakin hanya, amma yana kayar da shi a jarrabawar labarin ƙasa, a fassarar rahoto, ko wajen karanta taswira. Abin da ake dubawa da farko shi ne inda ruwan ya ƙare, sai yanayin gudunsa, sai ko yana kai wa rani. Girma yana zuwa ne daga baya. Ga yadda ake bi.

## Mataki na 1: Riƙe kalmar da ta tattara su duka

Kafin komai, ka haddace *cours d'eau*. Tana nufin duk ruwan da ke gudu a hanyarsa, daga ɗan rafin bayan gari har Kwara. Duk lokacin da ba ka tabbatar da ajin kogi ba, ita za ka sa, ba wanda zai ce ka yi kuskure. Namiji ce, kuma tilo da jam'i rubutunsu ɗaya: *un cours d'eau, des cours d'eau*. Harafin *s* na ƙarshe yana nan ko a tilo, amma ba a furta shi. Ana cewa kamar "kur do". Idan ka yar da shi ka rubuta *cour*, ka koma tsakar gida ko kotu.

Dokar muhalli ta Faransa, tun gyaran 2016, ta sa wa kalmar sharuɗɗa uku: hanyar ruwan ta kasance ta asali ba haƙawa aka yi ba, akwai maɓuɓɓugar da ke ciyar da ita, kuma ruwan yana gudu isasshe a mafi yawan shekara. Saboda haka lambatun da manomi ya haƙa a gefen gona ba *cours d'eau* ba ne, *fossé* ne. Ruwan da ke kwance kuwa, tafki ko kududdufi, gidansa daban: *plan d'eau*.

## Mataki na 2: Bi ruwan da yatsa har inda ya ƙare

Ɗauki taswira, ka ɗora yatsa a kan kogin, ka bi shi ta inda ruwa ke gangarawa. Idan ba ka san ta ina yake gangarawa ba, dubi wurin da wasu ƙoramu ke shigowa: mahaɗar takan yi siffar harafin Y, kuma ƙafar Y ɗin ce ke nuna inda ruwa ya dosa. Ci gaba har sunan kogin ya ƙare, sannan ka duba abin da ya tarar.

Idan teku ya tarar, *un fleuve* ne. Idan wani kogin ya tarar ya zuba a cikinsa, *une rivière* ce, kuma ta zama *un affluent* na wancan kogin, wato reshen da ke kai masa ruwa.

Gwada da Kwara. Ta taso daga tsaunukan Gini, ta bi ta Bamako, ta Yamai, ta Lakwaja, ta faɗa tekun Atlantika bayan tafiyar kimanin kilomita 4,180: *le fleuve Niger*. Binuwai ta taso daga tudun Adamawa na Kamaru, ta wuce Garwa, Yola da Makurɗi, wajen kilomita 1,400, amma ba ta ga teku ba, a Lakwaja ta shiga Kwara: *la Bénoué est une rivière*. Gongola ta shiga Binuwai a Numan, ita ma *rivière* ce. A Faransa haka lissafin yake. *La Loire*, mafi tsawo a ƙasar, kilomita dubu da ɗan ɗoriya, *la Seine* mai kilomita 777, *la Garonne*, *le Rhône*, duk *fleuves* ne. *La Marne* da *l'Oise* suna shiga Seine, *la Saône* tana shiga Rhône a birnin Lyon, *l'Allier* tana shiga Loire kusa da Nevers, duk *rivières*.

Misalai biyu sun isa su kashe zancen girma. A garin Veules-les-Roses na yankin Normandi akwai wani ɗan ruwa, *la Veules*, tsawonsa kilomita ɗaya ne da ɗan ɗoriya; mutum zai taka daga mafarinsa zuwa bakinsa kafin shayi ya huce. Da yake kai tsaye yake zuba a teku, *fleuve* ne, kuma shi ake kira mafi ƙanƙantar *fleuve* a Faransa. Missouri ta Amurka kuwa ta haura kilomita 3,700, amma da yake cikin Mississippi take zuba, littattafan Faransanci *rivière* suke ce mata. Irin su Veules, da Somme, da Charente, da Var, waɗanda suka taso ba nisa da gaɓa suka shiga teku da kansu, ana ce musu *fleuves côtiers*.

Akwai kuma reshen reshe, *sous-affluent*. Gulbin Maradi ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya ratsa ta Maradi, ya komo Najeriya ya shiga Rima. Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, shi kuma ya shiga Kwara. Ke nan kogin Sakkwato *affluent* ne na Kwara, gulbin Maradi kuwa *sous-affluent*. Duk ƙasar da ruwanta ke taruwa ya bi ta kogi ɗaya sunanta *le bassin versant*. Daga nan sunan hukumar *Autorité du Bassin du Niger* ya fito, wadda aka kafa a 1980, mai ƙasashe tara, hedikwatarta a Yamai.

## Mataki na 3: San inda ƙa'idar ke tangarɗa

Ba kowane babban kogi ne ke kai wa teku ba. Shari, wanda ya ratsa Injamena, a tafkin Chadi yake ƙarewa, amma duk littafi *le fleuve Chari* yake cewa. Haka Volga da ke zuba a babban tafkin Kasfiya, da kogin Urdun, *le Jourdain*, da Okabango da ke ɓacewa a fadamun Botsuwana. Dalili shi ne kowannensu shi ne uban kogunan yankinsa, ba ya kai wa wani kogi ruwa. Masana suna ce musu *fleuves endoréiques*, kogunan da ruwansu ke ƙarewa a cikin ƙasa. Komadugu Yobe, wadda ta samu daga haɗuwar kogin Haɗeja da na Jama'are, ita ma tafkin Chadi take shiga, amma an fi kiranta *rivière*. A irin wannan wuri al'ada ce ke hukunci, don haka sai ka bi abin da littafin makarantarku ya rubuta.

Sannan bakin mutane daban, alƙalamin malami daban. A jaridun Kamaru da Chadi za ka ga *le fleuve Bénoué* ko *le fleuve Logone*, alhali Logon cikin Shari yake zuba tsakanin Injamena da Kusiri. Mai magana yana nufin kogin yana da girma ne kawai. Kada ka gyara wa mutum wannan a cikin hira, sai a ce ka cika iyayi. Amma kada ka kwafe shi a takardar jarrabawa. A Yamai kuwa in an ce *le fleuve* kurum, ba a buƙatar suna, Isa, wato Kwara, ake nufi.

Wani abin sha'awa: a garin Montereau, inda Yonne ta haɗu da Seine, Yonne ce ta fi kawo ruwa. Da ƙa'idar masana aka bi tsantsa, da kogin da ya ratsa Paris sunansa Yonne. Tarihi ya riga ya ba Seine sunan, ba wanda ya ƙwace.

## Mataki na 4: Ƙananan ruwaye, da waɗanda hannu ya haƙa

A nan ne girma ya fara aiki, amma babu wani adadin mita da aka yanke. *Un ruisseau* shi ne rafi: bai da faɗi, bai da zurfi, ana tsallake shi ko a ratsa shi da ƙafa, kwalekwale ba ya aiki a cikinsa. Jam'insa da *x* ne, *des ruisseaux*. Wanda ya fi shi ƙanƙanta *un ruisselet*, ko *un ru*, tsohuwar kalma da ta fi yawa a kan taswirorin kewayen Paris da cikin wasan cike gurbin kalmomi. Aikatau ɗinsu *ruisseler*, kwararar ruwa a kan ƙasa, kuma daga shi aka samu *les eaux de ruissellement*, ruwan saman da ke bin ƙasa bai nutse ba. Wannan za ka yi ta cin karo da shi a rahotannin zaizayar ƙasa.

*Un torrent* ba girmansa ake dubawa ba, gangarensa ake dubawa. Ruwan dutse ne mai gudu da ƙarfi, yau kaɗan gobe ya cika, yana tafe da duwatsu da tsakuwa. Injiniyoyi sukan sa iyaka a gangaren da ya wuce kashi 6 cikin 100, wato ruwan ya sauka fiye da mita 6 a cikin kowace mita 100. Littafin labarin ƙasa yana raba shi kashi uku, kuma ana yawan tambayarsu: *le bassin de réception*, kwarin sama inda ruwa ke taruwa, *le chenal d'écoulement*, maƙogwaron da yake bi, *le cône de déjection*, inda yake baje tarkacensa a gindin dutse. Sifarsa *torrentiel*, shi ya sa *des pluies torrentielles* ke nufin ruwa kamar da bakin ƙwarya. A tsaunukan Pirene irin wannan ruwa *gave* ake ce masa, kamar *le gave de Pau* da ya ratsa Lourdes. A Savoie kuma *nant*.

*Une ravine* ita ce ƙaramar hanyar da ruwa ya yanka a ƙasa, *un ravin* kuma kwazazzabo mai zurfi. Na haƙawa kuwa a taƙaice: *un canal* (jam'i *des canaux*) babbar hanyar ruwa ta jirage ko ta noman rani, kamar *canal du Midi* mai kilomita 240 da aka buɗe a 1681; *une rigole* 'yar hanyar ban-ruwa tsakanin fangali da fangali; *un fossé* lambatun gefen gona ko hanya; *un caniveau* kwatar cikin gari. *Un chenal* shi ne layin da ya fi zurfi a cikin kogi ko mashigin teku, inda jirgi ke bi.

## Mataki na 5: Tambayi ko ruwan yana kai wa rani

Littafin da aka rubuta a Faransa yakan wuce wannan da sauri, domin can yawancin koguna ba sa ƙafewa. A Sahel kuwa nan ne rabin aikin yake. Kogin da ke gudu duk shekara *un cours d'eau permanent* ne, ko *pérenne*. Wanda ke gudu da damina ya ƙafe da rani *temporaire* ne, ko *saisonnier*, ko *intermittent*. A taswira na farko layi ne shuɗi a miƙe, na biyu layi mai tsinke-tsinke. In ya ƙafe ana cewa *il est à sec*, aikatau kuma *tarir*.

Kalmar da ƙamus ya fi sani ita ce *un oued*, daga wadi na Larabci, ana furta ta "wed". Ta Arewacin Afirka da Sahara ce. Amma Faransancin kowace ƙasa ya ɗauki kalmar mutanen wurin, kuma su za ka gani a taswira da rahoton hukuma.

A Nijar ta farko ita ce *un kori*: hanyar yashi busasshiya wadda ke cika farat ɗaya bayan an yi ruwa, ta yi gudu na 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki ta koma yashi. *Le kori Teloua* yana saukowa daga duwatsun Abzin zuwa Agadas. *Le Gounti Yéna* ya ratsa tsakiyar Yamai. Cikar irin wannan ruwa ba zato ita ce *une crue soudaine* ko *crue éclair*. Inda hanyar mota ta ratsa kori ba gada, aka shimfiɗa kankare a ƙasa ruwa ya bi ta kai, wurin sunansa *un radier*. Direban da ya ji an ce *le radier est submergé* ya san sai ya jira.

*Un goulbi* gulbinmu ne na Hausa da rubutun Faransanci, inda *ou* ke tsaya wa wasalin u: *le goulbi de Maradi, le goulbi N'Kaba*. Ya fi kori faɗi da fadama, kuma ruwansa ya fi daɗewa. Haka ƙorama ta zama sunan kwarin *la Korama* a jihar Damagaram. *Un dallol* kuwa, daga Fulatanci, ba kogi mai gudu ba ne a yau: tsohon kwari ne mai faɗi wanda kogi ya bi a zamanin da Sahara ke da ruwa, abin da masana ke kira *une vallée fossile*. *Le dallol Bosso* ya bi ta Filinge, *le dallol Maouri* ta Dogon Dutsi, ga kuma *le dallol Fogha* mai gishiri. Ruwansu yana ƙarƙashin ƙasa kusa-kusa, shi ya sa rijiyoyinsu ba zurfi. Wanda ya fassara *dallol* da *rivière* ya sa mai karatu neman ruwan da babu.

A arewacin Kamaru kalmar ita ce *mayo*, ita ma daga Fulatanci, kamar *mayo Kaliao* da *mayo Tsanaga* na Marwa, da *Mayo-Kebbi*. A Chadi *bahr* ne daga Larabci, kamar *Bahr Salamat*, a duwatsun Tibesti kuma *enneri*.

Saura *un marigot*, wadda ake yawan sa wa a inda ba wurinta ba. Reshen kogi ne da ya ratse ya kwanta a fadama, ko kwarin da ke cika da damina, ruwansa kusan a tsaye. Ba a ce wa ruwa mai gudu da ƙarfi *marigot*. 'Yan jaridar Faransa ma sun ara ta suna kiran fagen siyasa da ita, saboda kadoji. Tafkin damina kuwa *une mare* ce, kamar *la mare de Tabalak*. Yi hattara da furucinta: *mare* "mar" ce, *mer* teku "mer". Wanda ya ce *le Niger se jette dans la mare* ya zuba Kwara a kududdufi.

Idan rubutunka na mai karatu ne da bai san yankin ba, sa kalmar gida ka fassara ta sau ɗaya, misali *un kori, c'est-à-dire un cours d'eau temporaire*, daga nan ka ci gaba da ita.

## Mataki na 6: Haddace kowane suna da le ko la ɗinsa

Mai Hausa ya riga ya saba da namiji da tamata, kuma an yi dace a manyan kalmomin uku: *le fleuve* namiji kamar kogi, *la rivière* tamata kamar ƙorama, *le ruisseau* namiji kamar rafi. Wannan dabarar tuna jinsi ce kawai, ba fassara ba. Kusan sauran duka maza ne: *torrent, oued, kori, goulbi, dallol, mayo, marigot, canal*. Matan su ne *ravine, rigole, mare, source, rive, berge, crue*.

Matsalar tana wajen sunayen kogunan kansu. Jinsin suna bai bin ajin kogi. *La Seine, la Loire, la Garonne, la Volta, la Tamise* mata ne alhali *fleuves* ne. *Le Lot, le Tarn, le Cher, le Doubs, le Logone* maza ne alhali *rivières* ne. Saboda haka jumla irin *la Loire est un fleuve* ko *le Tarn est une rivière* daidai take, ko da ta yi wa kunne wani iri. Ƙarshen suna ma ba abin dogaro ba ne: *le Rhône, le Danube, le Zambèze* duk da *e* suka ƙare, kuma maza ne. Akwai *la Loire*, akwai *le Loir*, akwai *le Loiret*, koguna uku daban a yanki ɗaya. Magani ɗaya ne: kada ka taɓa rubuta sunan kogi a littafinka shi kaɗai. Rubuta *la Sirba, la Mékrou, la Tapoa, le Gorouol, le Dargol*. Wanda ya fara da wasali, kamar *l'Oise* ko *l'Allier*, sa masa alama a gefe, domin *l'* ta ɓoye jinsin: Oise tamata, Allier namiji.

## Mataki na 7: Sama da ƙasa, dama da hagu

*L'amont* shi ne ɓangaren da ruwa ya fito, *l'aval* ɓangaren da ya dosa. A cikin kalmomin akwai abin tunawa: *mont* dutse, *val* kwari. Ana amfani da su da *en* da *de*: *Tillabéri est en amont de Niamey, Gaya est en aval de Niamey*. Jirgin da ke tafiya gaba da ruwa *il remonte le fleuve*, wanda ke bin ruwa *il descend le fleuve*.

Don gane *rive droite* da *rive gauche*, juya wa mafarin kogi baya, ka fuskanci inda ruwa ke tafiya. Abin da ke damanka shi ne *rive droite*. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar dama da hagun takardar taswira, ko haɗa su da gabas da yamma. Kwara tana nufar arewa maso gabas a Mali har kusa da Tumbutu, sannan ta karya ta nufi kudu maso gabas, lanƙwasar da ake kira *la boucle du Niger*. Gaɓar dama tana nan a dama duk inda kogin ya juya. A Yamai tsakiyar gari yana *rive gauche*, Harobanda da Jami'ar Abdou Moumouni suna *rive droite*, gadar Kennedy ta haɗa su tun 1970. A Paris hasumiyar Eiffel da Sorbonne suna hagu, Louvre yana dama. Rassan da ke kawo wa Kwara ruwa a yammacin Nijar, su Gorouol, Dargol, Sirba, Tapoa da Mékrou, duk *affluents de rive droite* ne. A hagu dalloli ne da korori.

*La rive* ɓangaren ƙasar da ke gefen kogi ne gaba ɗaya, *la berge* kuwa ita ce gaɓar kanta, inda ƙasa ta gangara ta taɓa ruwa, wadda ke zubewa in ruwa ya ci ta. *Le rivage* da *la côte* na teku ne. Mazauna bakin kogi *les riverains*.

Hanyar da ruwa ke kwanciya a ciki *le lit* ce, kalma ɗaya da gadon kwana. *Le lit mineur* shi ne tsakanin gaɓa da gaɓa, inda ruwa yake a kullum. *Le lit majeur* shi ne duk inda yake kaiwa in ya yi babbar cika, wato fadama. Rahoton da ya ce an yi gini *dans le lit majeur* yana cewa ne an gina gida a hanyar ruwa.

Mafari *la source*, baki *l'embouchure*. Baki iri biyu ne: *un estuaire* in ya buɗe hanya ɗaya mai faɗi da ruwan teku ke shiga, kamar Gironde inda Garonne da Dordogne suka haɗu, *un delta* in ya rarrabu, kamar na Kwara, na Nilu da na Rhône. Mali tana da *le delta intérieur du Niger*, inda kogin ya bazu a tsakiyar ƙasa sannan ya sake haɗuwa. Kowane reshe na rarrabuwar *un bras* ne, wanda ya yanke ya daina gudu *un bras mort*, lanƙwasa kuma *un méandre*. Mashigin da ake ratsawa da ƙafa *un gué*, a ce *passer à gué*. Jirgin fito na motoci *un bac*.

Kalmomi huɗu masu kama da juna suna rikita ɗalibai. *Affluent* yana kawo ruwa. *Défluent* yana ɗauke ruwa daga babban kogi ya yi nasa wuri. *Confluent* wuri ne, mahaɗa, kamar Lakwaja. *Effluent* kuwa ƙazamin ruwan masana'anta ne ko na kwata. Harafi ɗaya ne tsakanin na farko da na ƙarshe, sai a duba da kyau kafin a miƙa takarda.

## Mataki na 8: Cika da janyewa

*Le débit* shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta wuri ɗaya a daƙiƙa ɗaya, ana auna shi da *mètres cubes par seconde*, a rubuce m³/s. Lissafinsa: faɗi sau matsakaicin zurfi sau saurin ruwa. Rafi mai faɗin mita 10, zurfin rabin mita, da ruwa ke tafiyar mita 0.4 a daƙiƙa, yana da 2 m³/s. Rhône kusa da bakinsa yana da kimanin 1,700. Lura da rubutun lamba: Faransanci waƙafi yake sa wa a inda muke sa ɗigo, ya bar fili a wurin dubbai, wato *0,4* da *1 700*. Wanda ya rubuta *1,700 m³/s* a takardar Faransanci ya ce ƙasa da biyu ke nan.

*La crue* cikar kogi ce, *la décrue* janyewarsa, *l'étiage* lokacin da ya fi kowane ƙanƙancewa. *Crue* ba ita ce ambaliya ba. Kogi yana iya cika bai fita hanyarsa ba; sai ya fita, *il déborde* ko *il sort de son lit*, ya ci gonaki da gidaje, sannan a ce *une inondation*. Noman da ake yi a danshin da ruwa ya bari shi ne *les cultures de décrue*.

Yamai wuri ne mai kyau na ganin kalmomin a aikace, domin kogin sau biyu yake cika. Ta farko *la crue locale*, wajen Agusta da Satumba, ruwan daminar yankin ne da su Sirba ke kawowa. Jan laka ya sa ake ce mata *crue rouge*. Ta biyu *la crue guinéenne*, ruwan da ya sauka a Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso wajen Disamba zuwa Fabrairu, a tsakiyar hunturu ba ko ɗigon ruwan sama. *L'étiage* yana zuwa a Mayu da Yuni. A 1985, bayan shekarun fari, ruwan ya tsaya cak a Yamai. Tsarin hawa da saukar kogi a shekara shi ne *le régime*, cikewarsa da yashi *l'ensablement*, madatsa kuma *un barrage*, kamar ta Kainji ta 1968 da ta Lagdo a kan Binuwai.

Wajen furuci, *u* na *crue* da *ru* ba u ɗin Hausa ba ne: tattara leɓe kamar za ka ce u, sai ka ce i. Harafin *v* na *fleuve, rivière, aval* kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, murya tana kaɗawa. In ya koma b, *aval* ta zama wata aba daban. A *torrent, amont, affluent, débit* da *lit* ba a furta *t* na ƙarshe.

## Mataki na 9: Haɗa bayanin kogi a jumla huɗu

Kowane aikatau yana da ɗan rakiyarsa, kuma tare ake haddace su: *prendre sa source à, en* ko *dans*; *traverser* da *arroser* ba sa ɗaukar komai; *se jeter dans*; *long de* kafin tsawo. Tsarin shi ne aji, mafari, hanya, ƙarshe:

*La Bénoué est une rivière longue d'environ 1 400 km. Elle prend sa source dans le plateau de l'Adamaoua, au Cameroun. Elle arrose Garoua, Yola et Makurdi. Elle se jette dans le Niger à Lokoja.*

Dubi yadda *longue* da *elle* suka bi tamata. Da Logon ne, sai a ce *le Logone est une rivière longue de*, domin sifar tana bin *rivière*, amma jumla ta gaba ta fara da *il*, domin tana bin sunan. Kada a manta da *se*: *il jette dans la mer* na nufin yana jefa wani abu a teku.

Sunan da ƙasa da kogi suka yi tarayya a kai yana buƙatar kula. *Au Niger* a ƙasar Nijar ke nan; *sur le Niger* a kan kogin, kamar jirgi ko gada; *dans le Niger* a cikin ruwan; *au bord du Niger* a bakinsa. Haka Senegal da Kwango. In akwai alamar ruɗani, ƙara kalmar: *le fleuve Niger*, da ƙaramin *f*. Sifar da ta shafi koguna *fluvial* ce, ko *fleuve* ne ko *rivière*: *le transport fluvial, la pêche fluviale, les ports fluviaux*.

Don gwaji, ɗauki koguna biyar na yankinku, ka yi wa kowanne waɗannan jumloli huɗu, ka ƙara ta biyar da ke faɗin ko *permanent* ne ko *temporaire* da watan da yake cika. Na Kano zai fara da kogin Challawa: yana haɗuwa da kogin Kano su zama na Haɗeja, na Haɗeja ya shiga Komadugu Yobe, ita kuma ta ƙare a tafkin Chadi. Babu *fleuve* ko ɗaya a wannan jerin, kuma duk da kusancin Kano da Kaduna, ruwan Challawa na *bassin du lac Tchad* ne, na Kaduna kuwa na *bassin du Niger*.